Hansai da Wankan Mai Rai

A Unguwar Shanu babu wanda bai san Hansai ba, kuma babu wanda yake murnar ganin ta tsaya a ƙofar gidansa. Ita ce mai wankan gawar mata. Idan ta fito da ƙwaryarta da ɗan ƙunshin sabulu a ƙarƙashin mayafi, sai mata su leƙo su ga lungun da za ta shiga, in ta wuce nasu su sauke ajiyar zuciya. Tsohuwa ce doguwa, siririya, mai ɗingishi a ƙafar hagu. Ba ta da yawan dariya, gaisuwa ma tsakura ta take yi. Wasu na cewa girman kai ne. Girman kan me, ga matar da ɗakinta ɗaya tal a bayan masallaci, kwanon rufinsa yana yoyo?

Daga wani ƙauye na ƙasar Soba aka kawo ta Kaduna tana amarya, mijinta mahauci. Wajen uwar mijin ta koyi wankan, tana zuba ruwa tsohuwar tana cuɗawa, har ranar da ta wanke tsohuwar da hannunta. Da mijin ya rasu ta kafa tandar waina a bakin titi. Wainar ta yi auki, ta yi daɗi, amma ciniki ya ƙi. Babu wanda ya fito ya ce mata ba zai ci abin da hannun mai taɓa gawa ya soya ba, sai dai kowa ya zo wucewa ya tuna cewa ya riga ya karya. Hansai ba ta yi wa kowa gori ba. Ta kife tandar, ta koma sayar da gawayi, tunda shi ba a ci.

Abu ɗaya uwar mijinta ta ɗora mata wanda ya fi tsarin wankan nauyi: abin da ido ya gani a jikin gawa, a ɗakin yake tsayawa. Tabo ne, ciwo ne, ƙazanta ce, ba a faɗa wa miji, ba a faɗa wa uwa, ba a faɗa wa liman. Hansai ta riƙe wannan amana har ta zame mata suna. Abin haushin shi ne, shirun da ya sa ake kiran ta shi ya sa ake tsoron ta. Kowa yana zargin ta san wani abu a kan gidansu, kuma sau da yawa ta sani ɗin.

A wancan zamani matan unguwar suna da hanyarsu ta raba miji da mata. Gidajen a manne suke, in mutum ya yi tari a ɗakinsa maƙwabci ne zai ce masa sannu. Don haka da an ji ƙarar mari da kukan da ake toshewa da zani, sai wata ta yafa mayafi ta yi sallama, wai ta zo aron taɓarya. Kafin a amsa mata wata ta shigo, ita ma taɓarya. Nan da nan tsakar gida ya cika da mata masu neman taɓarya, alhali kowacce ta baro tata a jingine da turmi. Ba mai ce wa maigidan komai. Tsayuwa kawai suke yi suna gaishe shi, suna tambayar sa ya aiki, ya kasuwa, har kunya ta ishe shi ya zuri takalmi ya fice. Ba ya warkar da mugu, amma yana sa shi ya san akwai kunnuwa a bayan katanga.

Sai daminar alif ɗari tara da casa'in da ɗaya ta zo da amai da gudawa. Cutar ta shigo ta Badarawa, in ji mutanen Unguwar Shanu. Ta shigo ta Unguwar Shanu, in ji mutanen Badarawa. Mutum zai yi sallar Azahar da ƙafarsa, washegari a sallace shi. Aka fara zargin rijiyoyi, aka koma kan mai fura, aka koma kan yalo da kwaɗon zogale, daga nan kowa ya koma zargin kowa. Aka daina cin abinci a kwano ɗaya, aka daina aiken tuwo gidan maƙwabta. Aro kuwa ya mutu murus: wa zai karɓi taɓaryar da bai san hannun da ya riƙe ta ba? In an ji nishi a bayan katanga, sai a ce Allah ya sawwaƙe, a ja ƙofa.

Hansai ce kaɗai ba ta da ƙofar ja. Daga wannan gida sai wancan, hannuwanta har sun yi fari sun tsage saboda ruwan maganin da ma'aikatan lafiya suka ce a riƙa wanke su da shi. Ko ciwon kai bai kama ta ba, wannan ma ya zama abin magana. Aka fara raɗa cewa ba banza ba, tsohuwar nan akwai abin da ta taka.

A cikin wannan hali aka kira ta wani gida a Abakpa, wai cutar ta ɗauke wata matashiya. Hansai ta san gawar mai amai da gudawa: idanu sun faɗa, fata ta bushe, yatsu sun yamutse. Wannan kuwa jikinta a cike yake. A wuyanta da haƙarƙarinta akwai abin da ba cuta ce take yin sa ba. Hansai ta wanke ta, ta suturta ta, ta fito ta yi wa mijin gaisuwa, ya amsa yana share hawaye. Ba ta ce komai ba, don ba a cewa. Amma tun daga ranar ta daina yarda da duk ƙofar da aka rufe aka ce cuta ce a ciki.

Ƙofar da ta fi tsaya mata a rai ita ce ta Yusha'u, a lungun da ke kallon inda take kasa gawayi. Yusha'u maƙerin bokiti ne da akwatin kwano, mutum mai sanyin murya, mai sahun gaba a masallaci. Tun da annoba ta shigo kasuwa ta mutu masa, ya dawo gida ya zauna, ya kuma shiga cikin masu haƙa kabari, ana ta sa masa albarka. Matarsa Habiba 'yar Malumfashi ce, ba ta da kowa a Kaduna. Yarinya ce mai fara'a, takan zo sayen gawayi da kanta ta zauna ta tsokani Hansai, ta ce Iya ko sau ɗaya ki yi dariya in ga ko kina da haƙori. Kafin annoba an taɓa zuwa aron taɓarya gidan, ba sau ɗaya ba.

Wata rana Yusha'u ya sanar a masallaci cewa cutar ta kama Habiba. Ya ce kada kowa ya wahalar da kansa da dubiya, shi zai yi jinyar matarsa, ba zai so a ce ta gidansa wani ya kwasa ba. Ya yayyafa ruwan magani a bakin zaure, in zai fita ya sa kwaɗo. Maza suka ce ga namiji. Mata suka ce Habiba ta yi dacen miji, har da waɗanda suka taɓa tsayuwa a tsakar gidansa.

Hansai tana zaune a gaban gawayinta tana kallo. Cutar nan ba ta daɗewa a jikin mutum, ko ta ɗauke shi ko ta sake shi, amma Juma'a ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Habiba tana nan a "kwance". Gidan mai gudawa ba ya rabo da wanki, amma igiyar shanyar da ake hangowa ta saman katanga babu ko zani ɗaya. Ta tare Sambo, dattijon da ke tura kurar ruwa a lungun, ta tambaye shi kamar da wasa ko gidan Yusha'u sun ƙara masa ciniki. Sambo ya ce ina fa, abin da suke saye da shi suke saye yanzu, wani lokaci ma a ce masa na jiya bai ƙare ba. Sai ya dube ta da gefen ido, ya tambaye ta ko ƙirga gidajen da za ta shiga take yi tun yanzu. Ya tura kurarsa ya yi gaba.

Ta je wajen Ramatu, wadda katangarta ɗaya da su Yusha'u. Ramatu ba ta bar ta ta wuce zaure ba. Ta ce i, tana jin nishi, wani lokaci da ƙarar faɗuwar abu, amma wane gida ne ba a nishi yanzu? Da Hansai ta matsa, sai ta rage murya ta ce abin da ya ɗaure mata kai shi ne bayan gidansu manne yake da nata, kuma ba ta jin motsin buta fiye da yadda ta saba. Tana faɗa ta yi nadama. Ta ce ita fa ba ta ce komai ba, tana da ƙananan yara, Iya ta rufa mata asiri.

Duk wannan zato ne, Hansai ma ta sani. Ta yiwu yarinyar ta tashi ne jiki bai yi ƙwari ba. Ta yiwu gawar Abakpa ce ta ɓata mata ido, har take ganin mugu a fuskar kowane miji. Ta kusa haƙura, sai Malam Sulaiman, limamin masallacin, ya tsaya sayen gawayi ya kawo mata labari da niyyar faranta mata. Ya ce Yusha'u, Allah ya yi masa albarka, ya zo ya tambaye shi ko ya halatta miji ya wanke matarsa in ta rasu, don ba ya son a ƙara wa Iya Hansai wahala da haɗari. Malam ya ce ya amsa masa cewa ya halatta, shi ne ma ya fi kowa cancanta.

Hansai ta daina auna gawayin. Matar tana numfashi, miji yana neman fatawar yadda ba wanda zai ga jikinta.

“Allah gafarta Malam, ta rasu ne?”

Malam ya ce a'a, tanadi ne kawai na mai hankali. Da ya ga yadda fuskarta ta canza sai ya tambaye ta ko ta ga wani abu. Ba ta ga komai ba. Abin da ta gani a Abakpa yake, a jikin wata, kuma bakinta a ɗaure yake a kansa. Malam ya ja mata kunne a kan munana wa bawan Allah zato, ya ce gajiya ce ta yi mata yawa, ta samu ta huta. Ya ɗauki gawayinsa ya tafi, ita kuma ta zauna haushi yana cin ta, na Malam, na Ramatu, da na kanta.

Washegari da hantsi, lokacin da lungun ya cika da masu kai da kawo, ta yafa mayafi ta nufi ƙofar. Ba ta ɗauki ƙwarya ba, duk da haka mata suka leƙo. Ta yi sallama da ƙarfi, ta ce ta zo aron taɓarya.

Yusha'u ya fito ya tare bakin zauren da jikinsa. Ya gaishe ta har da rusunawa, ya tuna mata cewa akwai cuta a gidan. Hansai ta ce ita da take wuni da cutar a hannunta, ba ita za a yi wa wannan kashedi ba. Ya ce Habiba barci take yi. Ta ce za ta jira. Ya ce taɓaryarsu ta tsage. Sai ta ɗaga murya yadda na bakin titi ma zai ji, ta ce tunda jikin ya ƙi daɗi har yanzu, bari ta je ta kira ma'aikatan lafiya su zo su ɗauke ta, ai an yi shela cewa kada a ɓoye mara lafiya a gida. Ya zaɓa: ko ita ta shiga, ko su.

Ya dube ta. Sannan ya matsa gefe, ya yi magana ƙasa-ƙasa, da wannan murya tasa mai sanyi.

“Shiga, Iya. Ai ke an san ki. Abin da kika gani ba kya faɗa.”

Ɗakin ba ya warin cuta, warin daɗewa a rufe kawai yake yi da na tsohon jini. Habiba tana kwance a kan tabarma ta juya wa ƙofa baya. Da Hansai ta juyo da ita a hankali, ido ɗaya ne ya buɗe, ɗayan ya kumbura ya rufe. Hannun dama a sanƙare yake a kan ƙirji, ya karkace a inda hannu ba ya karkacewa. In ta ja numfashi sai ta tsaya a rabi. Hansai ta ɗaga zanin ta duba haƙarƙarin, ta mayar. Irin na Abakpa ne, sai dai wannan jikin da ɗumi.

Habiba ta kalli ƙofa inda inuwar mijin take, ta ce, “Cutar ce, Iya.”

“Na gani, 'yar nan. Cutar ce.”

Hansai ta fito har waje, ta tsaya a tsakiyar lungu. Matar da ba a taɓa jin ta faɗi ko kalma ɗaya a kan abin da ta tarar a ɗaki ba, ranar ta buɗe baki ta shirga ƙarya a gaban jama'a. Ta ce cutar ce, kuma ta yi tsanani, bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa har ya rame, bai kamata a bar shi shi kaɗai ba. Ta ce za ta mayar da yarinyar ɗakinta ta yi jinyarta, tunda ita ba abin da yake kama ta. Dattawan da ke zaune a kan dakali suka ce madalla, Allah ya saka. Yusha'u ya dubi dattawan. In ya ce ba cutar ba ce, sai a tambaye shi mece ce. In ya ce ita ce, ba shi da hujjar hanawa. Ƙaryarsa ce aka ɗaure shi da ita, kuma ya sani.

Sambo ya sauke jarkokinsa aka shimfiɗa tabarma a kurar, yana ta gunaguni cewa an kashe masa sana'a. Amma tsohuwa mai ɗingishi ba za ta iya ɗago mace ita kaɗai ba. Hansai ta kira Ramatu. Ramatu ta maƙale a bakin ƙofarta ta ce tana da yara. Hansai ta je ta kamo hannunta, ta ja ta har cikin ɗakin, ta yaye mayafin da ta rufe fuskar Habiba da shi. Ramatu ta dafe baki. Sai ta sunkuya ta tallabi ƙafafun.

Da suka fito, matan lungun suna tsaye a ƙofofinsu sun toshe hanci da gefen mayafi. Ba Habiba suka kalla ba, don a lulluɓe take. Ramatu suka kalla, mai tsoron da ko gaisuwa ta daina yi da hannu, ga ta ta rungumi mai cutar tana hawaye. Ɗaya ta sauke mayafin daga hancinta. Ta kusa da ita ma ta sauke. Kafin kurar ta kai bayan masallaci mata sun bi ta a baya.

Hansai ta ɗora ruwa a kan gawayi, ta aika a kira mai ɗori, Ramatu kuma ta tafi neman direban da ke zuwa Malumfashi ya kai wa yayan Habiba saƙo. Ruwan bai tafasa ba Yusha'u ya iso, ya taho da Malam Sulaiman. Ya ce ya yi tunani, matarsa haƙƙinsa ce, ba a fitar da matar aure daga ɗakinta ba da yardar miji ba. Ya tarar da ƙofar ɗakin a cike da mata. Suka gaishe shi, suka tambaye shi ya aiki, ya kasuwa. Babu wadda ta matsa.

Malam ya ga abin ya wuce yadda aka faɗa masa. Ya ce Hansai ta fito ta gaya masa gaskiya tsakaninta da Allah, me ta gani a ɗakin nan? Yusha'u ya yi caraf ya ce ai Iya ba ta faɗin abin da ta gani, amana ce, kowa ya sani.

Hansai ta goge hannunta da zani, ta dube shi.

“Amanar gawa ce aka ba ni, Yusha'u. Wannan tana da rai.”

Sannan ta juya ga Malam ta faɗa masa, daga ido zuwa hannu zuwa haƙarƙari, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta ce ƙaryar da ta yi a lungu ta ɗauki nauyinta, Allah ya yafe mata. Ta ce in an mayar da yarinyar nan gidan, ba da daɗewa ba za a sallace ta da sunan annoba, kuma shi Malam ne ya riga ya ba da fatawar wanda zai wanke ta. Malam Sulaiman ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ya ce Habiba ba za ta motsa daga nan ba sai danginta sun zo, kuma a gaban mai unguwa za a yi maganar. Yusha'u ya tafi. Ko a ranar ma akwai mazan da suka ce tsohuwar ta shiga abin da ba ruwanta, akwai kuma gidajen da daga baya suka koma kiran wata daga Badarawa in an yi musu rasuwa, wai bakin Hansai ya buɗe, ba a san inda zai tsaya ba. Ba ta taɓa faɗin ko kalma a kan wata gawa ba har ta koma ga Allah, amma zargin ya bi ta.

Wannan duk daga baya ne. A ranar dai, da mutane suka ragu, ta koma ciki ta juye ruwan a ƙwarya. Ta warware zanin Habiba, ta fara daga dama kamar yadda hannunta ya saba, a hankali. Ta ɗebo ruwa ta zuba a kafaɗa. Habiba ta zabura ta ja numfashi.

“Iya, ruwan ya yi zafi.”

Hansai ta tsaya da ƙoƙon a hannu. Shekara da shekaru tana zuba wa mata ruwa a unguwar nan, babu wadda ta taɓa ce mata ya yi zafi. Ta ajiye ƙoƙon. Ta juya fuska ta share ido da gefen ɗankwali, sannan ta jawo tulu ta surka, ta gwada da bayan hannunta.

“Yanzu fa?”

“Ya yi, Iya.”